Kututturen kalgo a gonar Baba

Shekarata ta biyu da gama karatun aikin gona a jami'ar Dan Dicko ta Maraɗi na samu aiki a wani ƙaramin furoje na dashen itatuwa, aka damƙa mini pepiniya guda, wato wurin renon ƴan itatuwa, a bayan gari, ledoji baƙaƙe kusan 3000 jere cikin inuwa, gawo da bedi da zogala da bagaruwa. Aikin ba wuya, ban ruwa sahe da marece, akwai ma yaron da ke yi, ni nawa dubawa ne da rubuta rapor da biyan shi jikka 15 ɗinshi a ƙarshen wata don ta hannuna kuɗɗin ke bi.

To lokacin nan na shiga harkar ruwa-ruwa, esansin da ake shigowa da shi daga wajen Jibiya ta Ɗan Isa, wani abokina ya ce in kawo jari mu juya. Na ɗauki kuɗɗin yaron nan na wata biyu na sa ciki, ina ce ma kaina ai kwana goma ne in maida. Kwana goma ya koma wata. Yaro ya gaji da "gobe, gobe" ya tattara ya koma ƙauyensu, ni kuma ina can ina bin jarkoki ban ma sani ba, cikin watan Afrilu fa, wanda ya san zahin Maraɗi ya san abin da kwana biyar babu ruwa ke yi ma ɗan itacen da ke cikin leda. Ran da na je na taɓa wani gawo ganyen ya zube mini a hannu kamar garin kuka, ledar da zahi kamar an hiddo ta daga wuta.

Abin da ya hi ci mini rai har yau shi ne rapor ɗin. Na rubuta cewa injin ban ruwa ya lalace kuma yaro ya gudu ba sallama. Ni da ke tsayawa gaban majami'a kowace Lahadi ina ja ma ƴan koral waƙa, na ɗora ma yaron da na ci ma haƙƙi laihin da ni na yi.

Patoron namu dattijo ne, Musulmi, ba ya da yawan magana. Ashe kahin in kai takardar har ya hau mashin ya je ƙauyen yaron ya ji komi. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya turo mini takardar ya ce "Mushe, tahi ka sake rubuta ta, gobe ka kawo mini ta gaskiya." Na kwana ban runtsa ba, na sake rubutawa, na zo da makullin sito a aljihu don na san kora ce. Ya karɓa ya ce in biya yaro kuɗɗinshi cikin albashina in je har gida in ba shi haƙuri gaban babanshi, sabbin ledoji da iri kuma shi zai saya daga aljihunshi. Na ce Baba don mi? Ya ce "ɗana, da an kore ni ran da na yi tawa ta farko da ba ka iske ni bisa kujerar ga ba."

Mutum zai yi zaton murna na yi, amma gaskiya nauyi ne ya danne ni, da ya kore ni da na ce an biya an wuce. Wata bakwai ban taka majami'a ba, in fasto ya kira in ce ina daji wajen aiki, in mamata ta tambaya in ce na gaji. A zuciyata ina cewa bari in gyara kaina tukuna, in tara ɗan abin kirkin da zan nuna, sannan in koma gaban Allah da fuska. Kuma kullum in na auna sai in ga bai kai ba, addu'a ma ta koma mini kamar shiga ofishin wanda ke bina bashi.

Akwai wani tsoho cikin dattawan ekklesiyarmu, kowa Baba yake ce mishi, shina da gona wajen hanyar Danja. Ya aiko wai in zo in duba mishi gonar tunda ni malamin gona ne. Na san dabara ce amma ba a ƙin kiran babba. Muka yi ta zagayawa bai ce mini komi a kan coci ba, sai ya tsaya gun wani kututturen kalgo, baƙi ƙirin don an sha ƙona shi, ga tohon ya hito ta gefe kusan goma sha. Ya duƙa da ƴar wuƙarshi ya zaɓi uku masu ƙarhi ya yanke sauran, shina yi shina ba ni labari, yadda da can manomin kirki shi ne wanda ya share gonarshi tas babu ko tsinke, yadda iska ke binne musu hatsi har su yi shuka sau biyu sau uku, sai ga Tony Rinaudo mutumin Ostareliya da ya zo ta hannun mishan ta SIM, ya yi ta dasa itace suna mutuwa, har a 1983 ya lura cewa ƴan ciyayin nan da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Baba ya ce lokacin yunwar 1984 da aka haɗa barin kututturan nan su toho da rabon abinci mutane da yawa don hatsin suka yarda, da aka daina rabo wasu suka sare nasu, shi ya bar nashi.

Duk wannan na san shi, sassaben zamani ake ce mishi, a bar kututture ya toho ana rage mishi tohon har ya zama itace, na rubuta jarabawa a kai, na san masu bincike na cewa ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Ban dai taɓa duƙawa na kalli kututture guda kamar ranar ba. Baba ya ɗago ya ce "ɗana, wanga kututture mi ya yi da ya cancanci in tsaya kanshi? Inuwa bai ba ni ba, ɗa bai ba ni ba. Ni na ga akwai rai a ƙasa na tsaya." Sai ya ce in na koma gida in buɗe Ayuba 14 daga aya 7 zuwa 9, inda ake maganar itacen da aka sare amma da ya ji ƙanshin ruwa sai ya toho. A bakin gonar nan na zauna na yi kukan da na riƙe wata bakwai.

Abin da na gane shi ne duk shekarun da na yi ina bin Yesu, a ɓoye lissahi nake da Allah, ina waƙa, ina ba da zakka, ba na shan giya, saboda haka ina da wurin zama. Da lissahin ya rushe sai na ga kamar wurin ma ya tahi. Alhali Romawa 5:8 na nan tun da daɗewa, tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, na haddace ta tun ina Sande Sikul amma a kan wasu nake karanta ta. Kuma Allah ya ga dama ya fara nuna mini alherin nan ta hannun patoron da ko addininmu ba ɗaya ba, wannan kam har yanzu in na tuna sai in yi shiru.

Wani abokina ya ce mini irin wannan wa'azi shi ke lalata mutane, kowa ya yi ɓarna ya ce akwai alheri. Ban yarda ba, don na ga abin a jikina. Tsoron kora bai hana ni taɓa kuɗɗin yaro ba, amma tun ran da dattijon nan ya sa hannu a aljihu saboda ni, ko dala ta furoje ba ta sake kwana wurina ba, ina tashi tun asuba in duba ledoji ba wanda ya aike ni. Bulus ma haka ya faɗa a 1 Korantiyawa 15:10, alherin da aka yi mishi bai tahi a banza ba, shi ya sa ya hi sauran manzanni aiki. Kuma wuƙar Baba ta yanke toho da yawa, ni ma an yanke mini, harkar esansi ta tahi, abokin da ya sa ni cikinta ma ya tahi, koral kuwa sai da na shekara ina zama a bencin baya kahin na sake riƙa makirfo.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, kuɗɗin furoje suka tsaya, muka yi watanni ba albashi, matata na da ciki. Akwai daren da na ce anya kuwa, mi amfanin duk wannan riƙon. Ba ƙarhina ne ya riƙe ni ba, sai dai in na tuna ofishin nan da makulli a aljihuna, da kututturen nan, in ce wanda ya tsaya kaina lokacin da ba ni da komi na nunawa ba yanzu zai juya baya ba, sai in tashi in yi addu'a ko da kalma biyu ce.

Yaron ya dawo aiki, yanzu ma shi ke riƙe da pepiniyar, ya hi ni sanin lokacin da irin gawo ke son a jiƙa shi. Na biya shi tun tuni, na ba shi haƙuri gaban babanshi, muna gaisawa lahiya lau, amma wasan da muke yi da can bai dawo ba tukuna, kuma in kuɗɗinshi suka biyo ta hannuna a gabana yake ƙirgawa. Ni kan tsaya har ya gama.