Rana ta uku bayan barin taba

Sau biyu na bar taba sigari kafin wannan karon, kuma duka biyun ban cika mako guda ba. Abin da ya mayar da ni a karo na biyu bai taka kara ya karya ba: gardama ce da wani ɗan kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole kan canjin dala ashirin, a rana ta uku, cikin zafin watan Afirilu na Damagaram. Ban ankara ba sai ga ni gaban mai tebur ina neman kara ɗaya, hannuna na rawa wajen ƙyasta ashana.

Na daɗe ina ɗora wa kaina laifin raunin zuciya, sai daga baya na fahimci abin da ke gudana cikin jiki. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, ya sa ta saki dofamin mai kawo jin daɗi, amma bayan kimanin awa 2 rabinsa ya bar jini, sai ƙunci ya dawo. Yana kuma tunzura wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda su zuba kotisol da adirenalin, sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali. Ashe natsuwar da nake ji bayan zuƙa, ƙishin da karan baya ya haddasa ne kawai nake kashewa.

Idan mutum ya daina, kotisol ɗinsa yakan yi ƙasa a kwanakin farko, kuma bincike ya nuna cewa waɗanda nasu ya fi faɗuwa, tare da waɗanda ransu ya fi ɓaci, su suka fi saurin komawa. Saurin fushi da rashin barci sun fi tsanani a rana ta 2 zuwa ta 3, sannan su lafa cikin mako 2 zuwa 4. Da na san haka, da ban biye wa ɗan kabu-kabun ba.

Akwai kuma batun shayi, wanda a ganina mu 'yan fada, wato majalisar hira da shan shayi, ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta sarrafa kafeyin, sinadarin shayi mai hana barci, da sauri, don haka kofi uku da na saba sha da dare sun koma suna hana ni runtsawa bayan na daina, gari ya waye ina faɗa da kowa.

A wannan karon na ƙaurace wa fada har mako uku, na rage shayi zuwa kofi ɗaya na safe, na kuma gaya wa uwargida tun da wuri cewa ta yi haƙuri da ni. Idan sha'awar ta taso, nakan yi alwala in taka zuwa unguwar Birni in dawo, domin ba ta wuce 'yan mintuna. Ranar da na koma fada wani aboki ya miƙo mini kwali yana cewa, "Malam, kara ɗaya dai." Na ce masa ya miƙo goro.