Inda Magidanta Ke Cin Abinci a Bakin Titi

A Katsina inda na taso, magidanci ba ya zama a gidan abinci. Wannan sai gwauro, ko matafiyi, ko direban da dare ya riska a tasha. In aka ga mai iyali a wurin mai tuwo-tuwo, kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa shi da uwargida ba sa ga maciji. Da wannan tarbiyyar na sauka a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, karatun digiri na uku, na kama ɗaki a Gombak, kusa da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa.

Nan kuwa kowa a waje yake ci. Malamin jami'a, limamin unguwa, tsohuwa da jikokinta, miji da mata da jariri a keke, har ƙarfe goma sha ɗayan dare. Ba lalaci ba ne. Miji da mata duk aiki suke fita, cunkoson motoci ya cinye musu yamma, abincin titi kuma bai fi na gida tsada da wani abin kirki ba.

Wurin da ya fara karɓa ta shi ne mamak. Gidajen abinci ne na Musulmin Indiya 'yan ƙabilar Tamil, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga kudancin Indiya, da yawansu a zamanin mulkin Turawan Ingila. Galibinsu ba sa rufewa, dare da rana. Kujerun roba, tebura har bakin kwalta, fanka tana kaɗawa, ga ƙaton talabijin ana nuna ƙwallon Ingila. Teburin mai shayi ne aka faɗaɗa aka yi masa rufi, don har shayin nasu, teh tarik, jan sa ake yi daga kofi zuwa kofi sai ya yi kumfa. Sai dai madarar gwangwani mai kauri suke zubawa ba tausayi. Wanda ke tsoron ciwon suga ya yi saurin cewa "kurang manis", a rage zaƙi, ko da yake ragin nasu ma sai a hankali.

Da safe roti canai ne. Mai yin sa zai ɗauki curin ƙullun fulawa da ya sha mai, ya buga a kan tebur, ya wulwula shi a iska har ya yi shara-shara kana hango hannunsa ta ciki, sannan ya naɗe ya ɗora a kan faranti mai zafi. Ana kawo shi da romon dal, wani nau'in wake, a ci da hannu. Da rana kuma nasi kandar, wanda asalinsa daga Penang ne. Ka bi layi, a zuba maka shinkafa, ka nuna kaza ko kifi ko naman rago, mai zubawa ya ɗebo miya kala huɗu ko biyar ya kwarara a kai har ta malale farantin. Kuɓewa ma suna sawa, guda-guda, ba a kaɗa ta ba. Ba wanda ke tashinka. Na sha zama da kofi ɗaya ina rubutu har asuba ta gabato.

Abincin Malayawa, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, ya fi ba ni wahala. Nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a haɗa da gyaɗa, ƙananan busassun kifi, ƙwai da kokwamba, ba laifi. Yajin da ke gefe ne, sambal, da ake sa wa suga. Harshen Bahaushe bai san barkono da zaƙi a cokali ɗaya ba. Yanzu ina ci, har ina nema. A 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar karin kumallon Maleshiya cikin kayan gadon duniya, nasi lemak da roti canai da teh tarik duk suna ciki.

Da iyalina suka iso, daren farko da na ce mu fita, uwargida ta tsaya a bakin mamak ta dube ni.

"Malam, a nan? A gaban maza haka?"

Muka sa aka ƙunsa mana muka koma gida. Abin da ya sauya ta ba lallashina ba ne, kasuwar buɗa-baki ce ta unguwar Kampung Baru da azumi, inda ta ga mata cikin hijabi suna ciniki, suna zaune suna jiran kiran salla da ledojinsu ba wanda ya kalle su.

Maganar halal tana buƙatar lura, duk da a ƙasar Musulmi sun fi yawa. Tambarin JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, shi ne abin dogaro. Akwai wuraren da za su rubuta "babu naman alade" kawai, wannan ba shaidar yanka ba ce, kuma ba ta hana giya a cikin miya. A titin Jalan Alor, da 'yan yawon buɗe ido ke rububi, sai ka yi tambaya rumfa-rumfa.

Manyan wuraren masu kuɗi kuwa duniya ce daban. Kundin Michelin, mai ba gidajen abinci taurari, ya shigo ƙasar a ƙarshen 2022, kuma gidan abinci na Dewakan, mai girki da ganyaye da 'ya'yan itatuwan dajin ƙasar, ya kai tauraro biyu. Aljihun ɗalibi bai kai can ba. Namu rabon shi ne wani gidan abinci a saman otal, ranar da na kare kundina. Sai an kama wuri tun da kwanaki. Abinci yana zuwa loma-loma, kowane da jawabinsa. Uwargida ta tambayi ko akwai giya a romon naman, mai hidimar ya shiga ciki ya dawo ya ce akwai, aka sauya mata da kifi. Gaskiya ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Kuɗin da ke rubuce kuma ba shi za ka biya ba: ana ƙara kashi 10 na hidima da kashi 6 na haraji.

Gidajen abincin 'yan Afirka akwai su, a saman shaguna, amma egusi ne da sakwara. Tuwo sai a gida, da kuka da daddawar da mai zuwa ya ƙunso a jaka. Shi ya sa in an yi haihuwa cikin Hausawan nan, tun da gidajenmu ba sa ɗaukar taro, wurin Yamalawa muke zuwa. A shimfiɗa a ƙasa, a kawo mandi, shinkafa da nama, a manyan tire, maza gefe, mata a ɗakinsu mai labule. Abokan karatunmu na wasu ƙasashe in sun fita kowa nasa yake biya. Mu har yau wanda ya kira shi ke biya, kuma sai an yi kokawa a gaban mai karɓar kuɗi, kowa yana tura hannun ɗan'uwansa yana rantsuwa.