Ƙidayar halittu a fadamar Haɗejiya-Nguru: shirin da muke kai

Wasu malaman jami'a da masu bincike suna shirin taro a nan Jigawa cikin watan Janairu, kan halittun daji da na ruwa da yadda suke raguwa. Sun nemi in taya su tsara ɓangare guda, wato fita fadama tare da jama'a a rubuta duk tsuntsu, tsiro, kifi da ƙwaron da aka ci karo da shi. Na amsa da murna, domin ni ɗan bakin fadama ne, malamin sakandare, kuma na daɗe ina bin tsuntsaye da madubin hangen nesa. Amma tun a zaman farko na faɗi sharaɗina: ba zan tsara yawon buɗe ido ba. Idan abin da ake so shi ne a cika mota da baƙi a ranar ƙarshe, su ɗauki hotuna a gandun tsuntsaye na Baturiya su koma masauki, wannan direba ma zai iya shirya shi. Ni ina son ƙidayar da mutanen wurin za su yi da hannunsu, kuma su ci gaba da yi bayan an naɗe tabarmar taro.

Janairu lokaci ne mai kyau, wannan kam an dace. Ruwan da ya malala da damina ya ja baya, ya bar tafkuna da ƙoramu, tsuntsaye sun taru wuri guda. A lokacin ne baƙin tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya suke nan, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin laka, ga kuma namu na gida: kirinjijiya, dinya, zalɓe, balbela, zakaran ƙeƙuwa. A cikin Janairun ne kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, don haka abin da muka tattara zai sami abin kwatantawa. Sai dai duk ɗan fadama ya san ba za a ga shamuwa ba a wannan watan, tana can kudancin Afirka sai damina ta ƙarato. Kwaɗi sun yi shiru, yawancin ciyayin damina sun bushe ba a gane su. Ƙidayar rani rabin labari take bayarwa, shi ya sa na nace a sa zagaye na biyu cikin Agusta a kasafin kuɗin tun yanzu, kafin kuɗin ya tafi wajen abinci da jakunkunan taro.

Dalilin da ya sa na damu da wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Kogin Haɗejiya da na Jama'are su ne ke shayar da wannan fadama kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sauya. Ambaliyar da ke zuwa ta wuce a kan lokacinta ta ragu, wasu hanyoyin kuma ruwa ya zauna musu shekara a zagaye. Inda ruwa ya zauna, ciyawar kacalla ta samu gida. Ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama makwancin tsuntsun jan baki, wanda ke sauka kan gero da shinkafa garke-garke. Dattawa za su gaya maka wuraren da suka sha ganin gauraka a da, yau babu ko ɗaya. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin jerin dausayin Ramsar, wato fadamu masu muhimmanci ga duniya da aka yi yarjejeniyar kare su, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Sunan yana kan takarda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutaccen bayani na shekara bayan shekara da zai nuna me ya ƙaru, me ya ɓace, kuma a ina.

Hanya biyu za mu bi, kuma ban yarda a gwamutsa su ba. Ta farko ta tsuntsaye ce, bisa tsarin shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane gefe. Mai ƙidaya zai shiga gida guda ya yi aƙalla awa 2 yana dubawa, ya zagaya kowane irin wuri da ke ciki, ruwa, gona, kurmi, gari, ya rubuta tsuntsaye bi da bi yadda ya gan su a manhajar BirdLasser, kuma yana da kwana 5 ya kammala jerinsa. Wannan ƙa'idar ce ke ba aikin daraja. Da ita, wanda ya zo bayan shekara goma zai iya maimaita abin da muka yi ya ga bambanci. Matasan ƙungiyar masu ƙidayar tsuntsaye ta Arewa Atlas Team sun riga sun bi lunguna da yawa na Arewa da wannan tsarin, kuma su nake fatan za su horar da namu.

Hanya ta biyu ta kowa ce: manhajar iNaturalist. Ka ɗauki hoton tsiro ko fara ko kifi, wayar ta haɗa da wuri da rana, masana a ko'ina su duba su tabbatar da sunan. Idan ra'ayinsu ya haɗu, bayanin kan wuce rumbun GBIF inda masu bincike na duniya ke ɗiba. Duka manhajojin suna aiki ba tare da intanet ba, sai an dawo gari a tura, wanda shi ne ya cece mu, domin sabis a cikin fadama sai an dace.

Yanzu ga inda muka fi daɗewa muna muhawara. Wasu a kwamitin suna ganin a tara ɗaliban jami'a masu manyan wayoyi, shi ke nan. Ni kuma na ce sai da ɗan gari akan ci gari. Masuncin da ya shekara talatin yana tuƙa kwale-kwale a mashigin Marma ya san inda dinya ke kwana, ya san watan da kifin bargi ke yin sheƙa cikin ciyawa, ya san inda gaiwa ke binne kanta a laka idan ruwa ya ƙafe. Ɗalibin da ya zo daga Kano jiya bai san ko ɗaya ba, amma ya iya waya, ya iya littafin gane tsuntsaye. Saboda haka kowace tawaga mutum huɗu ce: masunci ko manomi ko makiyayi na wurin, ɗalibin jami'a, ɗan sakandare daga garin, da masani guda daga mahalarta taron. Kuma sunan ɗan garin zai shiga rahoto a matsayin mai ƙidaya, in ya amince, daidai da na farfesa. Za a biya shi ladan yininsa, domin ranar da ya bi mu ranar ce bai jefa taru ba.

Tsirrai kuwa, mata ne malamansu. Su ke tsinko baɗo a tafki, su ke yanko kaba daga goruba su saƙa tabarma, su suka san ganyen da ake miya da shi da wanda ke kashe akuya. Da yawansu ba za su bi tawagar maza cikin daji ba, kuma bai kamata a nemi su yi hakan ba. Ɗalibai mata za su shiga gidaje da izinin masu gida, su zauna da iyayenmu mata, su fita tare zuwa wuraren da suka saba zuwa. Idan ba a yi haka ba, jerinmu zai cika da kuka, giginya, gawo da bagaruwa, manyan itatuwan da kowa ke hangowa daga mota, a bar ƙananan da ake ci a gida.

Akwai abin da ba za mu bayyana ba. Ungulun da muka taso muna gani a mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma a ƙasar nan farautarta don sayar da sassanta ga masu magani na cikin abin da ya kawo haka. Gauraka kuma kama ta ake yi a kai gidajen masu hali. Duk wanda ya ga sheƙar ɗayansu, zai ɓoye wurin a manhajar, iNaturalist na da yadda ake dusashe wurin zuwa fili mai faɗi, kuma babu sa hoton a Facebook ko WhatsApp da sunan ƙauyen. Zan maimaita wannan ga kowace tawaga da bakina. Zai yi mini ciwo ƙwarai a ce aikinmu ne ya nuna wa mafarauci hanya.

Sauran shirin sananne ne. Gaisuwa wajen hakimi da dagatai da bulamai da sarkin ruwa kafin kowa ya taka bakin tafki, takardar izini daga masu kula da gandun Dagona, rigar ruwa ga duk wanda zai hau kwale-kwale ko da ya iya iyo, batirin caji, da fita tun bayan asuba, da addu'ar kada hazo ya yi kauri.

Abu na ƙarshe da na roƙa, kuma aka amince, shi ne a yi ƙidayar kafin taron, ba bayansa ba. A Montreal ta Kanada cikin Disambar 2022 ƙasashen duniya sun amince da manufofi 23 na ceto halittu, ciki har da kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030. A Kali ta Kolombiya a 2024 aka kafa kwamiti na dindindin don muryar al'ummomin da ke zaune tare da waɗannan halittu. Za a ambaci waɗannan a zauren taronmu, na tabbata. Ina son a lokacin da ake ambatonsu, a ce sakamakon Baturiya da Nguru yana kan allo, kuma masunci da 'yar sakandare ne za su tashi su yi bayaninsa da Hausa, a fassara wa baƙi. Bayan taro za a buga jerin da hotuna da sunayen da mutanen wurin ke kiran kowace halitta, a kai makarantu da fadar kowane dagacin da ya karɓe mu.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne madubin hangen nesa, waɗanda muke da su ba za su ishi tawagogin ba, da malaman kimiyya a Nguru, Guri da Kirikasamma da za su riƙe ɗalibansu har zagayen Agusta. Wanda ke da ɗaya daga cikin biyun, ko ya san mai shi, ya yi mini magana kafin ƙarshen Nuwamba, domin a Disamba za mu fara horo.