Matakin fita: rushe rumbun ma'adana kafin sauke modul a Linux

'Yan uwa masu koyo, modul ɗinmu na gwaji, wato guntun shirin da ake ɗora wa kenal (zuciyar Linux), ya iso inda aikin yake da gaske, wato fita. Shiga ba ta da wuya: kmem_cache_create ya buɗe rumbu (cache) a ma'adanar na'ura (memory) mai gurabe na baiti 192, kmem_cache_alloc yana ɗauko gurbi, kmem_cache_free yana mayarwa. A wajen rmmod, umarnin sauke modul, ake yin tuntuɓe.

Tuntuɓen farko bayyananne ne. Idan aka kira kmem_cache_destroy don rushe rumbu alhali akwai gurbin da ba a mayar ba, kenal zai yi gargaɗi a dmesg, inda ake ganin saƙonninsa, kuma ba zai saki shafukan ma'adanar da rumbun ya riƙe ba sai an sake kunna na'ura.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Gurabenmu ta hanyar call_rcu ake mayar da su, wato ana jinkirtawa har masu karantawa su gama. Da yawa suna sa synchronize_rcu a ƙarshe su ɗauka shi ke nan. Bai isa ba. Shi masu karantawa kawai yake jira, ba ayyukan mayarwa da call_rcu ya jera kan layi ba. Lambar shirin (code) waɗannan ayyuka kuwa a cikin modul take. Da zarar an sauke shi, kenal zai yi tsalle zuwa wurin da babu komai, na'ura ta faɗi. Maganin shi ne rcu_barrier, shingen da ke jiran waɗannan ayyukan su gama, kuma haka ext4, tsarin fayil na Linux, ke yi kafin ya rushe rumbunsa.

Ga jerin da ya tsaya: a fara rufe ƙofar da sababbin buƙatu ke shigowa, a kashe agogo da timer_shutdown_sync, wanda ya shigo a siga 6.2, sai cancel_work_sync don soke aikin da aka jinkirta, a kwashe guraben, sannan rcu_barrier, rushe rumbu ya zo ƙarshe. In aka sauya jerin, wani aiki zai iya sake kiran call_rcu bayan an wuce shingen.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗe rumbuna. SLUB, mai kula da rumbuna a kenal, yana haɗa masu girma ɗaya, don haka rushe namu ragin ƙidaya ne kawai, ɗigon, wato guraben da ba a mayar ba, ya ɓuya ba gargaɗi. Ku kunna kenal da slab_nomerge (hana haɗewa) da slub_debug=FZPU (binciken kurakurai) a cikin QEMU, na'urar kwaikwayo, ku maimaita insmod (ɗora modul) da rmmod sau 500 kuna duba /proc/slabinfo.

Saura hanyar kuskure a module_init, aikin shiga: idan rajista ta gaza bayan buɗe rumbu, ba za a kira module_exit, aikin fita, ba, dole a rushe rumbun nan take.