"Digirin waya", in ji Kawu

Ranar da na faɗa wa Kawu na yi rajistar digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA, kuma ta intanet zan yi karatun, yana zaune a kan benci a kasuwar Mile 12 da ke Legas ana sauke masa albasar da ta taso daga Aliero ta Jihar Kebbi. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Digirin waya ke nan? Nawa suka ce ka kawo su buga maka takardar?" Yaran rumfa suka kwashe da dariya. Har yau in na shiga kasuwar akwai mai ce min Malam Waya.

Ban ga laifinsa ba. Farkon 2024 ne, labarin Umar Audu na jaridar Daily Nigerian yana da ɗuminsa, wanda ya yi ɓadda-kama ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Mu nan Legas Kwatano bayan gida ce, ka bi Badagiri ka tsallaka Seme. Kowa ya san wani da ya san wani. To amma abin da mutane suka kasa rabewa shi ne, waccan takardar ta bogi ba don an yi karatunta ta intanet ta zama bogi ba, ai ba a yi karatun ba ne sam. Makarantar ma tana da gini da tambari.

Abin dubawa shi ne ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta san da makarantar, kuma ta ba ta izinin koyarwa daga nesa. Hukumar takan fitar da jerin haramtattun jami'o'i, duba shi bai kai minti biyar ba. Karatu daga nesa kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, NOUN, tun 1983 aka kafa ta, zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, daga baya shi da kansa ya zama ɗalibinta har ya yi digirin digirgir. Jami'ar Legas da ke Akoka tana da cibiyarta ta karatu daga nesa, ABU Zariya ma tana da tata, har da MBA. Da na lissafa wa Kawu waɗannan, sunan Zariya kaɗai ya sa ya ɗan gyaɗa kai.

Zancen da ya fi ƙona min rai shi ne wai da sauƙi. Ni ma da wannan tunanin na shiga, gara in faɗi gaskiya. Na ɗauka zan riƙa sauraren lakca a cikin danfo tsakanin Agege da Apapa, inda nake aiki da wani kamfanin fiton kaya, tunda dama gosilo yana cinye min awa uku zuwa huɗu kullum. Sati biyu na gwada. Kwandasta yana ihun Oshodi, mai wa'azi yana nasa, ni kuma ina rungume da waya ina tsoron a fizge ta taga. Sai karatun ya koma dare. In yara sun yi barci, misalin sha ɗaya, in buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, in NEPA sun ɗauke in lissafa ko man janareto zai kai ni ƙarfe ɗaya, ga litar mai ta ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Babu malamin da zai kira sunanka a aji, babu abokin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce tashi mu tafi. In ka bar darasin mako guda ba wanda zai sani, sai ranar da aka rufe karɓar jinga, ƙarfe goma sha biyun dare cif, na'ura kuwa ba ta jin "a yi haƙuri, yarinya ce ba lafiya".

A zango na biyu na faɗi kwas ɗin lissafin yanke shawara. Faɗuwa ta gaske, sai da na maimaita. Jarrabawar kuma ba a gida kan katifa ake yi ba. A makarantarmu zaure ake zuwa, a duba katin shaida, a karɓe waya a ƙofa, masu sa ido suna zagaye kamar lokacin WAEC. Da maiɗakina ta ga sakamakon sai ta ce, "Ashe digirin wayar ma yana kayar da mutum." Ban tanka ba.

Wai kuma arha ne. Na gida, da dama-dama, tunda babu kuɗin haya ko barin aiki. Na waje kuwa dala ce. Jami'ar Illinois ta Amurka tana da MBA ta intanet da ta yi suna tun 2016, kuma a wajensu mai rahusa ce, amma kuɗinta ya haura dala dubu ashirin. Wani abokin aikina ya fara irin wannan karatun na waje dala tana ƙasa da naira ɗari biyar a banki. Aka saki naira a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin makaranta bai ƙaru da sisi ba, amma a aljihunsa ya ninka uku. Ga bambancin lokaci: ƙarfe bakwai na yamma a Shikago ta jihar Illinois, nan ɗaya ko biyun dare ne. Ya jingine karatun.

Masu cewa ba za ka san kowa ba, suna da rabin gaskiya. Wanda ya biya kuɗin Lagos Business School a Aja yana cin abincin rana da manajojin banki, wannan ba abin da WhatsApp zai ba ka. Amma rukuninmu na aikin haɗin gwiwa mu shida ne, har da wata mai harhaɗa magunguna a Fatakwal da wani jami'in banki a Kaduna, kuma mun yi faɗa a kan wanda bai turo kasonsa ba fiye da yadda na taɓa yi a aji. Ta hannun na Kadunan na samo wa kamfaninmu mai tireloli biyu.

Abu biyu da na so a ce an gaya min tun farko. Mai HND galibi sai ya fara yin difiloma ta gaba da digiri, PGD, kafin a ɗauke shi, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta. Sannan mai burin koyarwa a jami'a ko digirin digirgir ya bincika da kyau, don jami'o'inmu da yawa MSc, digiri na biyu na bincike, suke nema, MBA kuwa digirin ma'aikata suke ɗaukarta. Ƙarin girma a ofis ma ba ya biyo takarda a guje. Ogana ya san ina karatun, abin da ya ce kawai shi ne kada ya shafi aikin kwantena.

Yanzu ina kan kundin bincike, kuma a kan albasar Kawu nake rubutawa: nawa ake asara tsakanin Kebbi da Legas, daga ruɓewa, da ramewar buhu in ya kwana biyu, da kuɗin da ake bari a shingayen hanya. Na kwana uku ina cike jadawali a kwamfuta, na kai masa ina ji da kaina. Ya saurara, ya lumshe ido, ya faɗi adadin da ka, bai kauce wa nawa da yawa ba. Shekara talatin yana wannan lissafin ba biro. Sai dai da na nuna masa dillalai uku da bashinsa ya fi daɗewa a hannunsu, da abin da kuɗin zai juya da yana hannunsa, ya yi shiru, ya jawo kwamfutar gabansa yana bin layin da yatsa.

Ya ce, "Ranar Lahadi ka zo da wayar taka gida. Akwai littafin bara, shi ma a duba."