Na kewaye mikiya da ƙarfe, auta ta daina kuka

'Yan'uwa masu harkar tsofaffin gem, yau da labari mai daɗi na zo. Autata mai shekara biyar ta riƙe hannun gem na biyu tun daga farkon siteji har ƙarshensa, ba kuka, ba jifa da hannun, ba rugawa wajen mamanta kai ƙara. Mun gama da tankoki ashirin na wasan Battle City, mikiyar da ake tsarewa a wasan na nan da ranta, kuma da allon lissafi ya fito, huɗu daga ciki nata ne. Wanda bai taɓa zaunar da ƙaramin yaro gaban Famicom, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, ba zai ce ina abin murna a nan. Wanda ya taɓa kuwa, ya san wuyar da aka sha kafin a zo nan.

Kayan aikina suna nan yadda kuka san su: kwafin Famicom ɗan China da na saya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa 999999 in 1 alhali wasannin ciki 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna, sai Mega Drive, na'urar Sega, ta hannu da wani abokina ya bar mini da zai koma Nima a Accra. Na tsara abin dalla-dalla da farko: mu fara da Mario ta koyi tsalle, mu wuce wasannin mutum biyu, can gaba mu hau Sega. Tsarin nan bai je ko'ina ba. Yarinya ba ruwanta da mataki-mataki. Abin da ta sani shi ne "Baba, ni ma in yi", kuma yanzu-yanzu take nufi.

Rubutun 2 PLAYERS da ke fuskar wasa yaudara ce in da ƙaramin yaro za ka buga. A Super Mario Bros. na 1985 karɓa-karɓa ake yi, Luigi, na mai hannu na biyu, ba ya fitowa sai Mario ya mutu. In ni na riƙe Mario, hannuna ya haddace hanyar nan tun ina yaro, sai ta yi ta zaman jira har ta fara tauna wayar hannun. In ita na ba Mario, dodon farko na 1-1 ya taɓa ta, shi ke nan ta koma 'yar kallo. Contra kuwa tare ake shiga, ga lambar sirri ta Konami mai ba da rai talatin, na ce to an zo wurin. Ina! A siteji na uku, wurin hawa gangaren ruwa, allon sama yake bi, duk wanda aka bari a ƙasa ya mutu. Kowane tsalle na yi, ranta ɗaya ya tafi. Ga mamanta ta leƙo ta ga bindigogi, ta yi mini wani kallo wanda bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ice Climber ma ciwon ɗaya ne, gwani ya hau, allo ya haɗiye na baya.

Daga nan na tsayar da sharaɗi guda: allo kada ya motsa. Duk abin da ke faruwa ya kasance a fuska ɗaya, yadda saurina ba zai zama ajalinta ba. Na aro kaset ɗin Bubble Bobble na Taito, kuma ya kusa dacewa, domin ko ta faɗa ramin ƙasa ta sama take ɓullowa. Amma in aka daɗe a siteji, farin dodon nan da ba ya mutuwa yana fitowa ya bi mutum, kiɗa ya ƙara sauri, ita kuma ta saki hannu ta ɓuya bayana. Na mayar wa mai shi.

Sai Battle City na Namco, shi ma na 1985, wanda yawancinmu muka sani da Tanki kawai. A ido babu wasan da ya fi shi dacewa da yaro: sama, ƙasa, hagu, dama, da madannin harbi ɗaya. Babu tsalle, babu rami. Matsalar ita ce mikiya, wadda in aka harbe ta wasa ya ƙare. Kun san yadda ake farawa, tankina a hagunta, na auta a damanta, siririn bulo kawai ya raba su. Ita kuwa auta da zarar an fara, wajen Baba take son zuwa. Ta danna hagu, bakin bindiga ya kalli gidan mikiya, babban yatsanta kuma yana kan madannin turbo, mai harbi ba tsayawa, da masu kwafin nan suke ƙarawa a hannunsu. Kafin in buɗe baki bulo ya rushe, mikiya ta tarwatse, jan rubutun GAME OVER ya taso daga ƙasa a hankali, ga rayukanmu cif ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta juyo ta ce, "Baba, wa ya kashe mu?"

Na yi bayani har na gaji. Na ce tsuntsuwar nan tamu ce, gidanmu ne, ba a harbin gida. Ta gane sarai, har tana faɗa wa yayanta in ya dawo daga makaranta, amma yatsa yana riga tunani. Na musanya mana hannu, ta koma hagu, sai ta riƙa danna dama. Na so in cusa tankina tsakaninta da bulon, wurin bai isa tanki ba. Na liƙe madannin turbo da salatif, ta zauna ta ɓare shi da farce cikin natsuwa, ta miƙo mini. Na dogara da shebur ɗin da ke mayar da katangar ƙarfe, amma shi sai ya ga dama yake fitowa, kuma ɗan lokaci ne ya koma bulo. Har na fara tunanin ajiye kaset ɗin sai ta ƙara shekara. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin ina ganin yadda take son wasan, kuma kowane zama da hawaye yake ƙarewa.

Maganin yana nan a fuskar farko, layi na uku, ƙarƙashin 1 PLAYER da 2 PLAYERS, inda aka rubuta CONSTRUCTION. Da muna yara a ɗakunan gem na Aboabo ba mai shiga wurin, kuɗinka na tafiya kana gini? To yanzu na shiga. Kana kai tankin inda kake so, kana danna A yana sauya abin da zai ajiye: bulo, ƙarfe, ruwa, daji, ƙanƙara. Na kewaye mikiya da ƙarfe, na danna Start na koma baya, na zaɓi mutum biyu, filin da na gina ya fito a matsayin siteji na farko. Auta ta danna hagu kamar kullum, ta saki wuta, harsashi ya riƙa buga ƙarfe yana ƙara ting-ting, mikiya ko gezau. Ni kaɗai na yi ihu a ɗakin.

Akwai tarko biyu da ya kamata ku sani kafin ku gwada. Tankin da ya ci tauraro uku yana fasa ƙarfe, saboda haka in tauraro ya fito ni nake rigan ta, ko in bar mata ɗaya don harsashinta ya yi sauri. Na biyun ya fi ban haushi. In wani ya taka shebur, lokacinsa na ƙarewa katangar da ke manne da mikiya ta koma bulo, ƙarfen da ka wahala ka jera ya tafi. Shi ya sa yanzu zagaye biyu nake yi, na ciki da na waje, shebur ya ci na ciki ya bar na waje.

Da hannuna ya faɗa, sai na fara gina filin daidai da ita. Daji na cire gaba ɗaya, domin in tankinta ya shiga ƙarƙashin ganye ba ta ganinsa, sai ta ɗauka ya mutu. Ƙanƙara ma haka, santsi ne kawai. Abokan gaba ta wuri uku suke fitowa a sama, sai na ja doguwar katangar ƙarfe daga kusurwar dama ta zama lungu, duk wanda ya fito ta can dole ya gangaro gaban bindigarta. Huɗun da na ambata daga lungun nan suka fito, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ginin kansa ya zama wasa. Yanzu kafin mu fara sai ta karɓi hannuna ta zana abinta, jiya kogi ta yi a tsakiyar fili ta ce na wankan tankoki ne. Ta kuma gano cewa in ta harbe ni tankina yana sandarewa na ɗan lokaci ba ya motsi, don haka tana lallaɓowa ta bayana ta ɗirka mini, ta faɗi ƙasa da dariya, abokan gaba suna ta wucewa.

Aibinsa dai ba ya ajiyewa. A kashe na'ura ko dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya gifta, gini ya tafi, a sake daga farko. Siteji na biyu kuma bulon Namco ne ke dawowa, don haka a na farko muke tsayawa.

Bari in faɗi inda kuɗi ya yi mini zafi. Talabijin filasma ta falo ba ta da ramin wayoyin nan uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, sai na sayi ɗan akwatin da ke mayar da su HDMI a wajen wani mai shago, sidi 150. Hoto ya fito, amma da jinkiri: ka danna, sai an ɗan jima abu ya motsa. Babba yana iya lissafa wannan ya riƙa dannawa da wuri, yaro ba zai iya ba. Na kunna Game Mode a talabijin, ya rage kaɗan, bai kashe ba. Ƙarshe wajen wani mai gyara na je na ɗauko tsohuwar talabijin mai ƙeya, inci 14, sidi 350, ga kuɗin pragya, keke mai ƙafa uku, da ya kawo mu gida ina rungume da ita. Mamanta ta tambaye ni ko mun koma zamanin da ne. Amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, jinkiri ya ɓace, bindigar Duck Hunt da ta daɗe a kwali ta farfaɗo, tunda ita da talabijin mai ƙeya kaɗai take aiki. A wasan agwagwa ɗaya, wanda ya riƙe hannun gem yana iya juya agwagwar, saboda haka nakan kawo mata ita tsakiyar allo a ɓoye. Ita kuma ta manna bakin bindiga a jikin gilashi ta rufe ido ɗaya. Karen da ke dariya in an kuskure ne ba sa ga maciji da shi. Akwatin sidi 150 yana cikin durowa, mai so ya zo ya ɗauka.

Sega da na ce sai can gaba, tuni mun hau, domin Sonic the Hedgehog 2 na 1992 ya karya sharaɗina na allo kada ya motsa, kuma ya tsira. A wasan mutum ɗaya, in ka sa hannu na biyu, Tails, abokin Sonic, ya zama na yaro. Ba ya cin rai, ko ƙaya ya taka ko rami ya faɗa, jim kaɗan ya dawo ta sama yana juya jelarsa biyu. A da B da C duk tsalle ne, ba ta da damar danna kuskure. Yana tsintar zobba, yana dukan bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen siteji, kuma dukansa yana shiga lissafi, don haka ranar da motar mugu Robotnik mai tsinin gaba ta fashe a ƙarshen Emerald Hill, yankin farko na wasan, ita ta kai dukan ƙarshe, unguwa duk ta ji labari.

Sai dai allon Sonic yake bi, ba ruwansa da Tails. In na yi gudun da wasan yake so, ba ta ganin kanta ko na daƙiƙa biyar. Dole na koyi tafiya da Sonic kamar mai raka tsohuwa masallaci, taku kaɗan in tsaya, in jira ta hau tudu, ga agogon minti goma yana ci a sama. Wani abin kuma, in ta bar hannun ba ta taɓa ba na ɗan lokaci, na'ura ce ke karɓar Tails ta riƙa kwaikwayon motsina. Ta daɗe tana zaton ita ke yin wannan ƙwarewar. Da ta gane, ranta ya ɓaci sosai, ta ce "Baba, yana tafiya ban ce ya tafi ba." Ban ga laifinta ba. Yanzu ta san muddin tana dannawa nata ne.

Chemical Plant, yanki na biyu, ba ma shiga tukuna. Ruwan nan mai launin shunayya da kiɗan nutsewa sun tsorata ta sau ɗaya, ta toshe kunne, ni ma ban matsa ba. Abin da nake nema yanzu kaset ɗin Sonic 3 ne na 1994, domin a can mai hannu na biyu yana iya tashi da Tails har ya ɗauki Sonic sama, kuma na san abin da za ta yi da ni in ta sami wannan ikon. Na ga guda a Adum, kwafi ne ƙarara, takardar jikinsa ma a karkace, mai shagon ya ce sidi 200, na ajiye masa abinsa. Ina kuma neman hannun Mega Drive mai laushin madannin juyawa, na wajena ya yi wa yatsanta tauri, har da yatsa biyu take danna dama. Wanda ya san mai sauya robar ciki a nan Kumasi, ya yi mini kwatance.