Direban Wi-Fi ya ce zai iya P2P, amma ka gwada shi tukuna

Abin da ke ba ni dariya da direbobin katin Wi-Fi, wato manhajojin da ke sarrafa katin a kwamfuta, shi ne cika baki. Ka buga umarnin iw list a Linux, mai nuna abin da katin zai iya, sai ka ga ya jero maka P2P-client, P2P-GO, wani har da P2P-device, kai ka ce magana ta ƙare. Alhali direban ne kawai ke gaya wa kernel, wato zuciyar Linux, wai zai iya, babu wanda ya ga ya yi.

Tun 2010 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da Wi-Fi Direct, shi ne P2P ɗin, wato na'ura biyu su haɗu kai tsaye ba rawuta a tsakaninsu, Android ma ta saka shi tun sigar 4.0. Sai dai dole ɗaya ta zama shugabar rukuni, ita ce GO (Group Owner), ta riƙe aikin da rawuta ke yi. Kowacce za ta kawo lamba daga 0 zuwa 15, mai babba ta ɗauka, in an yi kunnen doki akwai ɗan abin raba gardama, in kuma dukansu suka kafe a kan 15 to ciniki ya watse, kuma ni wannan nake fara gwadawa don in ga ko zai ce ya ƙi cikin mutunci ko kuwa zai maƙale ya bar ka kana kallon allo.

Kafin nan ma sai sun ga juna. Kana buga umarnin nema p2p_find a wpa_cli, inda ake ba manhajar haɗa Wi-Fi ta wpa_supplicant umarni, katin zai riƙa tsalle tsakanin tasha 1 da 6 da 11, ya yi kira, ya tsaya sauraro, ya sake tashi. Direban da bai iya zama kan tashar da aka ce ya zauna ba na ɗan lokacin nan, sai ka ga wayarka na ganin laftof amma p2p_peers, jerin na'urorin da laftof ɗin ya gano, fayau, ko suna ɗaya babu.

Inda asirin yawanci ke tonuwa shi ne aiki biyu lokaci guda. Duba can ƙasan iw list inda aka rubuta haɗin da katin ya yarda da shi, in ka ga #channels <= 1 to tasha ɗaya tal yake iya riƙewa, kana jone da rawuta a 5 GHz rukunin kuma ya tashi a 2.4 GHz, ɗaya sai ya haƙura, ko haɗin ya ƙi ko intanet ɗinka ta yanke.

Wasu za su ce ai akwai mac80211_hwsim. Eh akwai, kuma ina amfani da shi, yana ƙirƙiro maka rediyoyin ƙarya ka gwada wpa_supplicant hankali kwance. Amma fa babu famwaya a ciki, wato manhajar da ke cikin katin kansa, babu iska, babu katin wani kamfani daban mai nasa taurin kan, don haka cin jarrabawa a can bai wanke direbanka ba sam.

Ko ka ga saƙon P2P-GROUP-STARTED, wato rukunin ya tashi, da sunan nan mai farawa da DIRECT- kar ka yi saurin murna, saura adireshin IP. Android in ita ce GO takan ɗauki 192.168.49.1 ta raba wa saura, a laftof kuwa kai za ka tada DHCP, mai raba adireshin, da hannunka. Daga nan ka sakar wa haɗin iperf3, manhajar gwada gudu, ya ji jiki, ka sa kwamfutar barci ka tashe ta, ka rushe rukunin ka sake haɗawa ka sake rushewa, dmesg -w mai nuna saƙonnin kernel na buɗe a gefe, don wani katin sai a zagaye na gaba famwayarsa ke faɗuwa.